Dangi a gida, aiki a Amurka: tambayoyi da amsoshi kan izinin ganin bayanan sirri

Mutanenmu da suka zama 'yan ƙasar Amurka, da 'ya'yansu da aka haifa a can, suna ƙara shiga aikin soja, da Ma'aikatar Harkokin Waje, da kamfanonin da ke yi wa Ma'aikatar Tsaro kwangila. Da yawa cikin waɗannan ayyuka ba a kama su sai da izinin ganin bayanan sirri na gwamnati. A nan gaban mutum ke faɗuwa, domin fam ɗin da za a miƙo masa zai tambaye shi uwa da uba, 'yan uba, surukai, filin da ya saya a gida, da kuɗin da yake aikawa duk wata. Abin da ke ƙasa bayani ne kan tsarin Amurka gaba ɗaya. Wanda maganarsa ta kai gaban alƙali, ya nemi lauyan da ya san wannan fanni.

Wa ke bayar da wannan izini, kuma zan iya nema da kaina?

Ba ka iya nema da kanka. Sai hukumar gwamnati ko kamfanin da ya ɗauke ka aiki ya gabatar da sunanka, kuma ba ka biyan ko sisi. Matakansa uku ne, na ƙasa shi ne Confidential, na tsakiya Secret, na ƙoli Top Secret. Yawancin bincike hukumar DCSA, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro, ce ke yinsa tun daga watan Oktoba na 2019, ko da yake wasu hukumomin leƙen asiri suna yin nasu. Ɗan ƙasa kaɗai ake ba wa. Mai katin zama na dindindin, wato girin kad, bai kai ba tukuna, sai dai wata ƙwarya-ƙwaryar dama da ake ba baƙo mai ƙwarewar da aka rasa, ita ma ba kasafai ba.

Ma'aunin da kowa ke bi yana cikin wani umarni mai suna SEAD 4, wanda ya fara aiki a ranar 8 ga Yuni, 2017. Ƙa'idoji 13 ne a ciki, daga A zuwa M. Uku ne suka fi taɓa mu: B, wadda ke duba tasirin ƙasar waje a kan mutum, C, wadda ke duba ko ya fifita wata ƙasa a kan Amurka, sai F, ta sha'anin kuɗi da bashi.

Mahaifiyata tana Kano, ƙannena suna Kaduna da Zariya. Ke nan an riga an hana ni?

A'a. Babu inda aka rubuta cewa samun dangi a ƙasar waje laifi ne, kuma dokar shugaban ƙasa mai lamba 12968, ta shekarar 1995, ta hana a ƙi mutum saboda launin fatarsa, ko addininsa, ko asalin ƙasarsa. Akwai mutanen da aka haifa a Nijeriya da Gana da Sudan da ke riƙe da wannan izini yau, iyayensu kuma suna gida.

Abin da masu tantancewa ke tambayar kansu shi ne: shin akwai wanda zai iya bi ta kan Hajiya ya matsa wa ɗanta har ya faɗi abin da bai kamata ba? Wannan ita ce tambayar, kuma duk sauran tambayoyin daga gare ta suka fito. Ba su ce kai mayaudari ne ba. Sun san ɗan halak ne ma ya fi shiga tsaka mai wuya idan aka taɓa mahaifiyarsa. Don haka suke duba abu uku tare: irin kusancinku, aikin da dangin ke yi, da halin da ƙasar ke ciki. Tsohuwar da ke zaune a gida tana sayar da ƙuli-ƙuli dabam take da yayan da ke aiki a hukumar DSS ko kanar ne a soja.

Me ya sa halin ƙasar ya shigo ciki? Ai Nijeriya ba abokiyar gabar Amurka ba ce.

Gaskiya ne, kuma wannan yana taimakawa. Wanda iyayensa ke Sin ko Rasha ko Iran ya fi ka shan wuya nesa ba kusa ba, domin waɗannan gwamnatoci an san su da farautar sirrin Amurka. To amma ƙa'idar B ba gwamnatoci kaɗai ta ambata ba. Ta ce a duba ko ƙasar tana da haɗarin ta'addanci.

Idan magana ta kai gaban alƙalin da ke sauraron waɗanda aka yi niyyar hana wa izini, lauyan gwamnati yakan ajiye rahotannin Ma'aikatar Harkokin Waje a kan ƙasar, ya nemi a ɗauke su a matsayin abin da aka sani. A kan Nijeriya, abin da za su nuna ba baƙo ba ne a gare mu: Boko Haram da Ansaru, waɗanda Amurka ta sa cikin jerin 'yan ta'adda a watan Nuwamba na 2013, reshen ISIS na Afirka ta Yamma, wanda ya shiga jerin a 2018, garkuwa da mutane don kuɗin fansa, irin harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na ranar 28 ga Maris, 2022. A kan Nijar kuwa, juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, da ficewar sojojin Amurka daga sansaninsu na Agadas a 2024, sun canza yadda ake kallon ƙasar.

Ka sa kanka a kujerar mai yanke hukunci. Yana tunanin ranar da wayarka za ta yi ƙara da tsakar dare, lamba baƙuwa, muryar ƙanenka tana rawa, wani kuma ya karɓi wayar ya ce sun san inda kake aiki. Yau kuɗi suke nema, amma mai yanke hukunci yana tambaya: idan gobe wani abu dabam suka nema fa? Abin yana da ciwo, domin bala'in da ya addabi danginmu shi ne kuma ake lissafa mana a matsayin haɗari. A ganina nauyi ne da ɗan ƙaura ke ɗauka wanda abokin aikinsa haifaffen Ohayo bai san da shi ba. Amma tunanin ba na banza ba ne, kuma wanda ya fahimce shi ya fi iya ba shi amsa.

Su waye "dangi" a wajensu? Gidanmu babban gida ne.

Sashe na 18 na SF-86, wato fam ɗin da mai neman izinin ke cikawa, ya jera su: uwa, uba, matar uba, mijin uwa, wanda ya riƙe ka, 'ya'ya har da na riƙo da agola, 'yan'uwa shaƙiƙai, 'yan uba, waɗanda kuka haɗa uwa kaɗai, da surukai biyu, wato iyayen matarka ko mijinki. Har waɗanda suka rasu ana rubuta su.

A ce mahaifinka mata uku ya aura, ku goma sha tara ne. To, duka za ka rubuta, kowa da cikakken suna, ranar haihuwa, wurin haihuwa, adireshi, aikin da yake yi, da yadda kuke gaisawa. Kishiyoyin mahaifiyarka ma suna ciki. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, ba don mugun nufi ba, sai don gajiya: su rubuta 'yan ɗakinsu biyar su bar sauran, wai ai ba su shaƙu ba. Kada ka yi haka. Kafin ka buɗe fam ɗin, kira babbar yayarku ko kawun da ya san tarihin gida, ku zauna da takarda da biro. Inda ba a san ranar haihuwa ba, fam ɗin yana da wurin nuna cewa ƙiyasi ne, da wurin ƙarin bayani. Rubuta cewa an haifi Inna a ƙauye ba a yi rajista ba, shekarar kuma ƙiyasi ce. Ka kula da sunaye kuma: idan a fasfo an rubuta Muhammad, a takardar makaranta Mohammed, a gida kuma Mamman ake kiransa, ka ambace su duka.

Kawu, gwaggo, 'ya'yan baffa da abokai ba sa cikin sashe na 18. Suna shiga sashe na 19 idan cikin shekaru bakwai da suka wuce akwai hulɗa ta kusa ko mai ɗorewa, wadda ƙauna ko wani nauyi ya ɗaure. Gwaggon da ta raine ka, kake kiranta duk Juma'a, tabbas tana ciki.

An amince da sabon fam mai suna PVQ a 2023 da zai maye gurbin SF-86 sannu a hankali, don haka lambobin sassan na iya canzawa.

Zauren WhatsApp na 'yan makarantarmu fa, mutum ɗari biyu?

Ba kowa za ka rubuta ba. Waɗanda kuke magana ku biyu, kuna taimakon juna, kuna ziyara, su ne abin rubutawa. Amma ka gaya wa mai bincike cewa zauren yana nan, musamman idan akwai hafsoshi ko 'yan siyasa a ciki.

Ina aika wa iyayena kuɗi duk wata. In daina?

Ba zan taɓa ce wa ɗa ya daina ciyar da iyayensa don neman aiki ba, kuma ƙa'idar ba ta ce haka ba. Kuɗin da 'yan Nijeriya mazauna waje ke aikawa gida yana kai kimanin dala biliyan 20 a shekara, masu bincike kuma sun saba ganin wannan. Sai dai ka san abu biyu.

Na farko, fam ɗin ya tambaya ko ka taɓa tallafa wa wani ɗan ƙasar waje da kuɗi. Wannan tambaya ba ta da iyakar shekaru bakwai, tun farkon rayuwarka ce. Tana neman suna, dangantaka, jimillar kuɗin, da yawan lokutan. Kuɗin makarantar ƙanwa, kuɗin asibitin baffa, ragon layya, gudummawar biki, duk tallafi ne. Ba wanda ke tsammanin za ka tuna kowace dala, amma ana tsammanin ƙiyasi na gaskiya. Fito da tarihin aikenka daga banki ko manhajar da kake amfani da ita, ka haɗa lissafi.

Na biyu, aiken kuɗi hujja ce cewa akwai ƙauna da nauyi tsakaninku. Ba za ka aika dala 300 duk wata ba sannan ka ce wa alƙali hulɗarku sama-sama ce. Kwamitin da ke sauraron ɗaukaka ƙara kan wannan izini ma ya daɗe da ɗauka cewa hulɗar mutum da iyayensa da 'yan'uwansa ba ta sama-sama ba ce, sai in ya kawo hujjar akasin haka. Saboda haka kada ka gina kariyarka a kan cewa ba ka damu da su ba. Ba gaskiya ba ne, kuma ba za a yarda ba. Ka gina ta a kan abin da ke ƙasa.

To, da me ake kare kai?

Sakin layi na 8 na ƙa'idar B ya jera abubuwan da ke sassauta damuwa. Wanda ya fi yi wa mutanenmu aiki shi ne wanda ya ce mutum ya yi saiwa mai zurfi kuma ta daɗe a Amurka, har ana iya tsammanin idan aka sa shi zaɓi zai tsaya a ɓangarenta. Wannan da takardu ake nuna shi: shekarun da ka yi a ƙasar, ranar da ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, mata da 'ya'ya 'yan ƙasa, gidan da kake biya, asusun fansho, harajin da ba ka taɓa tsallakewa ba, aikin al'umma a masallaci ko coci ko makarantar yara, da shaidar shugabanninka a wurin aiki. Wanda ya yi wa sojan Amurka aiki a fagen daga, kamar masu fassara, kuma ya riƙe amana cikin haɗari, alƙalai suna ba wannan nauyi sosai.

Sauran hanyoyin su ne nuna cewa matsayin dangin da aikinsu ba sa jawo hankalin kowa, cewa ka kai rahoto da wuri duk lokacin da wani ya tunkare ka, da cewa dukiyarka ta waje ƙarama ce. A ƙarshe ana auna mutum ne gaba ɗayansa, ba abu guda ba. Yana kuma taimakawa ƙwarai idan dangi ba su san takamaiman aikinka ba. "Yana aikin kwamfuta a Amurka" ya ishe su.

Ina da fili a Abuja da gidan da nake ginawa a Katsina. Sai na sayar?

Ba dole ba ne. Abin da ake dubawa shi ne girman dukiyar idan aka gwada da abin da ka mallaka a Amurka, da kuma yadda rasa ta za ta girgiza ka. Fili na dala 15,000 a hannun mai gida da fansho na dala 600,000 a Amurka ba wani abin matsa masa ba ne. Amma mai zaman haya a Merilan wanda duk abin da ya tara shekara goma sha biyar ya zuba a bene a Katsina, ya nuna inda zuciyarsa ta yi shirin komawa, kuma duk mai ikon soke takardar filin yana da abin riƙe shi. Ka tuna a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 gwamna ne ke riƙe da ƙasar jiha, shi ke ba da takardar mallaka, shi kuma ke iya soke ta.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne filin da aka saya da sunan ƙane. Mutum ya ce ai ba sunana ba ne a takarda, sai ya amsa "a'a". Fam ɗin ya riga ya hango wannan: akwai tambaya ta musamman kan dukiyar da wani ke riƙe maka, akwai kuma wadda ta tambaya ko kana da niyyar saye ko kana sa ran mallaka nan gaba. Tambayoyin sun haɗa da dukiyar matarka da ta 'ya'yan da ke ƙarƙashinka.

Wanda ya zaɓi sayarwa, ya sayar da gaske, da takarda da shaidar inda kuɗin suka shiga. Mayar da fili sunan ɗan'uwa mako biyu kafin zaman shari'a, kowa kuma ya san naka ne, ba ya ruɗar alƙali.

Gadon mahaifinmu ba a raba ba tukuna. Me zan rubuta?

Rubuta yadda abin yake: gida ɗaya da gonaki biyu, magada kaza, ba a raba ba, kasonka bisa ƙiyasi kaza. Idan ka yafe wa 'yan'uwa mata ko mahaifiya kasonka, a yi shi a rubuce da shaidu. In kuma gado ko kyauta daga waje ya haura dala 100,000 a shekara guda, hukumar haraji ta IRS tana buƙatar fam mai lamba 3520, ko da babu harajin da za a biya.

Tsohon asusuna na banki a gida, wanda kuɗin ciki bai taka kara ya karya ba?

A rubuta shi, komai ƙanƙantarsa. Idan ba ka amfani da shi, rufe shi ka karɓi takardar rufewa. Idan jimillar asusunanka na waje ta taɓa haura dala 10,000 ko na rana ɗaya a cikin shekara, akwai rahoton asusunan waje mai suna FBAR da dokar Amurka ta wajabta. Rashin cika shi yana fitar da maganar daga ƙa'idar B ya kai ta ƙa'idar F, inda ake tambayar ko kana bin dokar haraji.

Ta hannun 'yan canji nake aikawa saboda farashinsu ya fi. Akwai matsala?

Akwai. Ka ba wani dala a Bronx ta birnin New York, ɗan'uwansa a Wapa ko Zone 4 ya tura wa Hajiya naira cikin minti goma. Mun san amana ce ke tafiyar da wannan harka, amma ba ta barin rasit, kuma ba ka san kuɗin wa aka haɗa da naka ba. Mai bincike zai ga dala 2,000 ta fita daga asusunka zuwa wani mutum da ba danginka ba, sau da yawa, babu bayani. Mafi muni shi ne idan kai ne ke tattara kuɗin jama'a kana turawa: gudanar da harkar aika kuɗi ba lasisi laifi ne a dokar tarayya ta Amurka. Wanda ke son wannan aiki ya koma hanyar da ke da lasisi, ya haƙura da ɗan bambancin farashi.

Adashi ba laifi ba ne, sai dai ku riƙa rubutawa, domin ranar kwasarka kuɗi mai yawa zai shigo asusunka a dunƙule. Zakka da sadaka ma haka: ba da su ga mutanen da ka sani ko ƙungiya mai rajista, ka ajiye shaida. Kada ka tura kuɗi ga wata gidauniya da ka gani a Facebook ba ka san masu ita ba.

Me ya sa suke tsananta tambaya idan kuɗi ya shigo mini daga gida?

Saboda an taɓa cizonsu. Aldrich Ames, jami'in hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA da ya fara sayar wa Tarayyar Sobiyet sirri a 1985, ya sayi gida na dala 540,000 kuɗi hannu a Arlington, ya bar mutane suna zaton dukiyar dangin matarsa ce 'yar Kolombiya. Sai a 1994 aka kama shi, bayan an kashe mutane da dama da ya tona. Tun daga nan, "daga surukaina ne" ba amsa ba ce sai da takarda. Idan an sayar da gonar gado aka turo maka kasonka, ajiye yarjejeniyar cinikin da shaidar banki.

Nauyin gida ya sa na ci bashi a nan. Wanne ya fi haɗari, dangin ko bashin?

Sau da yawa bashin. A shari'o'in ma'aikatan kwangila da ake wallafawa, sha'anin kuɗi shi ne dalilin da ya fi kowanne yawan hana mutane izini. Fam ɗin yana tambayar bashin da ya wuce kwana 120 ba a biya ba, da wanda aka miƙa wa masu karɓar bashi, da shekarun da ba a cika takardar haraji ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ana yi wa na waje kallon mai rijiyar kuɗi, shi kuma kunya ta hana shi cewa babu. Sai ya ci bashin katin banki ya biya wa wani kujerar Makka, ya yi wa ƙanwa kayan ɗaki, ya bar harajinsa. Alƙali zai ga mutumin da ya aika dala 20,000 gida cikin shekara biyu alhali hukumar haraji tana binsa 8,000, ya ce wannan ya nuna wanda yake fifitawa. Bashin da ya zo ta dalilin ciwo ko rasa aiki ana yi masa uzuri, muddin an ga mutum ya tashi tsaye: ya yi yarjejeniyar biya, yana kuma biya a kan kari tun kafin a tambaye shi. Ciyar da iyaye wajibi ne. Bikin ɗan baffa da za a yi da bashin kati mai ruwa, wannan ana iya cewa a yi haƙuri.

Ina da fasfo biyu. Sai na yar da na Nijeriya?

A da haka ne. Wata takardar Ma'aikatar Tsaro ta shekarar 2000 ta tilasta miƙa fasfon waje ko lalata shi. SEAD 4 ya sassauta: zama ɗan ƙasa biyu shi kaɗai ba dalilin hani ba ne, haka ma riƙe fasfon. Abin da ke jawo matsala shi ne ɓoye shi, ko shiga da fita Amurka da fasfon da ba nata ba. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya yarda ɗan ƙasa ta haihuwa ya riƙe wata ƙasar, don haka yawancinmu 'yan ƙasa biyu ne ko ba mu sabunta fasfo ba. Za a tambaye ka ko a shirye kake ka bar ɗayar idan an buƙata. Ka yi tunanin amsarka tun a gida. Wasu hukumomin leƙen asiri suna da sharuɗɗan da suka fi waɗannan tsauri, don haka kafin ka sabunta fasfo ko ka yi tafiya da shi, tambayi jami'in tsaron wurin aikinka.

Na yi bautar ƙasa, na taɓa aikin gwamnatin jiha, kuma ana so a naɗa ni sarauta.

Bautar ƙasa da aikin da ka yi kafin ka zama Ba'amurke tarihi ne. Rubuta su ka wuce, har da fanshon da kake da haƙƙinsa. Zaɓen da ka taɓa kaɗa ƙuri'a a ciki ma ana tambaya. Abin da ka karɓa bayan ka zama ɗan ƙasa shi ne mai nauyi. Muƙamin mai ba gwamna shawara kan mazauna waje, ko da ba albashi, muƙami ne a gwamnatin wata ƙasa. Sarauta kuwa ta danganta: ta girmamawa dabam, hakimci mai ƙasa da albashi dabam. Kada a naɗa rawani sai ka kai maganar ga jami'in tsaro a rubuce.

Zan auro yarinya daga gida. Yaya ke nan?

Aure ba ya hana izini, amma yana ƙara maka dangi. Ana ɗauka cewa nauyin iyayen matarka ya hau kanka, sai in ka nuna ba haka ba. Idan surukinka kwamishina ne ko babban ɗan sanda, zai shigo lissafi. Mai riƙe da izini ya sanar tun lokacin neman aure, kada ya jira ɗaurin aure. Mai mata a Amurka da ke tunanin ƙara ta biyu a gida kuma, ya sani auren mace fiye da ɗaya ya saɓa wa dokar kowace jiha a can, ɓoye ta a fam kuwa laifi ne na biyu.

An yi mini rasuwa, dole in tafi gobe. Ina zan sa maganar izinin tafiya?

Allah ya jiƙan wanda ya rasu. Umarnin SEAD 3, shi ma na 2017, ya wajabta wa mai izini ya sanar da tafiyarsa ƙasar waje kafin ya tashi, har da Hajji da Umara. Amma ya san akwai gaggawa. Kira shugabanka ko jami'in tsaro tun kafin ka hau jirgi, ka faɗa da baki, ka bi da saƙo a rubuce, ka cika sauran bayani idan ka dawo. Idan hanya ta canza, misali daga Kano ka tsallaka Maraɗi gaisuwa, ka kai rahoto cikin kwanakin aiki biyar da dawowarka. A zaman makoki za a yi ta tambayar aikinka, ka taƙaita. Wanda ya nace da son sanin abin da ya wuce gaisuwa, ko wani jami'i ya tsare ka da tambayoyi, ka faɗa idan ka koma.

In na manta wani abu a fam ɗin fa?

Gyara shi kafin a tambaye ka. Ranar ganawa mai bincike zai zauna da kai, ya buɗe fam ɗin shafi bayan shafi: yaushe kuka yi magana da wannan, sau nawa a wata, ya san aikinka, yana da alaƙa da gwamnati? Tun kafin ya fara, ka ce akwai abin da kake son ƙarawa. Mantuwa da aka gyara da wuri ana yafe ta. Ɓoyewa da gangan tana ƙarƙashin ƙa'idar E, ta halin mutum, kuma ta fi wuyar wankewa fiye da dangi goma a Borno, domin ta taɓa ainihin abin da ake aunawa, wato ko za a iya yarda da maganarka. Ƙarya a fam ɗin laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara biyar.

Bayanan iyayena da zan bayar, suna cikin aminci?

Tsoron yana da tushe. A 2015 an bayyana cewa an yi wa OPM, hukumar ma'aikatan gwamnatin tarayya wadda a lokacin ita ke yin binciken, kutse aka kwashe bayanan mutum miliyan 21.5, har da abin da suka rubuta kan danginsu. Bayan haka ne aka ɗauke aikin binciken daga hannunta aka mayar ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro. Ba wanda zai yi maka alkawarin ba za a sake ba, kuma ba a ba da izinin sai an cika.

An hana ni izinin wucin gadi. Magana ta ƙare?

Ba ta ƙare ba. Na wucin gadi ana ba da shi ne kafin a gama bincike, kuma mai dangi da yawa a waje sau da yawa ba ya samu. Cikakken hukunci yana zuwa daga baya.

In aka turo mini takardar dalilan hani, me zan yi?

Ma'aikacin kamfanin kwangilar tsaro yana da kwana 20 daga karɓar takardar ya amsa kowane zargi a rubuce, ya ce ya yarda ko ya musanta. Yana da damar neman zama gaban alƙalin DOHA, ofishin sauraron ƙararraki na Ma'aikatar Tsaro, ko ya bari a yanke a kan takardu kawai. Shawarata ka nemi zaman. Maganar dangi magana ce ta a ga mutum a ji shi, ya kawo shaidu, ya bayyana wace ce gwaggon nan da dalilin aika mata kuɗi. DOHA tana wallafa hukunce-hukuncenta a intanet ba tare da sunaye ba. Nemi waɗanda suka shafi ƙasarku ka karanta goma, za ka ga abin da ya ceci wasu da abin da ya kayar da wasu.

Ka sani nauyin hujja yana kanka. Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Egan ta 1988 babu mai haƙƙin samun wannan izini, kuma inda aka yi shakka ana karkata ne ga hani. Idan hukunci bai yi maka daɗi ba, kana da kwana 15 ka sanar da ɗaukaka ƙara, sai dai kwamitin ba ya karɓar sabuwar hujja, don haka duk takardar da kake da ita ka ajiye ta tun a zaman farko. Dokar shugaban ƙasa mai lamba 10865 ta 1960 ta faɗa a fili cewa hani ba hukunci ba ne a kan biyayyar mutum ga ƙasa. Bayan shekara guda kamfani na iya sake gabatar da kai, kuma za a duba abin da ya canza: an sayar da filin, an biya bashin, ko mahaifiya ta samu takardar zama ta dawo wajenka. Sojoji da ma'aikatan gwamnati kai tsaye suna da tasu hanyar ɗaukaka ƙara da nata wa'adin, wanda ke rubuce a jikin takardar da aka turo musu.